Gidan da Agogo Ya Fi So

Waɗanda suka yi aiki da Agogo ba sa son a tayar da maganarsa. In aka ambace shi a wajen shan shayi, sai ka ga kowa ya sunkuyar da kai yana juya cokali a kofi. Amma labarinsa bai kamata a binne shi ba, domin masu irin ciwonsa suna da yawa, kuma masu sayar musu da irin maganin da ya saya ba su ƙare ba.

Agogo shi ne shugaban sashen shirye-shirye a wani gidan talabijin mai zaman kansa, a hawa na sama na wani dogon bene da ke tsakiyar gari. Shi ke yanke abin da za a nuna da lokacin da za a nuna shi. Ma'aikata ne suka laƙaba masa sunan, saboda ko yana waya ya juya wa talabijin baya, in talla ta zarce lokacinta da ɗan kaɗan sai ka ji ya ce a yanke. A ofishinsa akwai wani katafaren allon katako da ya cinye bango guda, kowace rana da layinta, kowane shiri da katinsa mai launi: labarai fari, wasan kwaikwayo ja, shirin yara kore. A gaban allon nan yake wuni, hannu a ƙugu, yana zare wannan kati yana soka wancan, kamar mai dara da ya rasa abokin wasa.

A gida mutum uku ke jiransa. Akwai mahaifiyarsa, tsohuwa mai ciwon gwiwa, wadda ba ta yarda a kalli wata tasha sai ta ɗanta. Ko tallar sabulu ake ta maimaitawa, sai ta ce a bari, aikin ɗanta ne. Akwai matarsa, malamar makaranta, mace mai haƙuri da ta saba ɗumama abinci ya huce ta sake ɗumamawa kafin ya dawo. Sai 'yarsu tilo, wadda suka samu bayan dogon jira, kowa na ce mata 'Yar Baba. Tana ajin ƙarshe a sakandare, ga baki ga dariya. Ita ce ke jira kakarta ta fara gyangyaɗi ta sace rimot ta koma wata tasha, in tsohuwa ta farka ta ce mata ai tashar Baba ce aka yi wa sabon fenti. Ita ce kuma ke tarar sa a bakin ƙofa ta karɓi jakarsa, ta ce, "Baba, don Allah ka nema mana fili a jadawalin nan naka, ko da tsakanin talla da talla ne." Sai ya yi dariya ya ce mata ta bari abubuwa su daidaita.

Abubuwa kuwa sun ƙi daidaita. Duk ƙarshen wata kamfanin da ke ƙididdige masu kallo yakan aiko da rahoto, kuma duk wata layin tasharsu ƙara gangarawa yake yi. Masu talla suka fara janye jiki. Na lemo ya tafi, na wayar hannu ya rage. Abin da ya fi ci wa Agogo rai shi ne, mai kwashe musu masu kallon yaronsa ne, wani matashi da ake ce wa Ɗan Gayu, wanda shi da kansa ya koya wa aikin, daga baya ya koma wata sabuwar tasha a ɗaya gefen gari.

A yi masa adalci, Agogo ya san aikinsa. Ya lura ana saka labarai a lokacin da magidanta ke maƙale a cunkoson hanya, sai ya matsa da su gaba. Ya ɗauko wasan kwaikwayo ya manna shi a bayan labarai, don wanda ya zauna kada ya tashi. Ya datse shirin tattaunawar nan da manya ke zuwa su yi ta yabon juna har mai kyamara ya yi barci a tsaye. Ya mayar da shirin yara lokacin tashi daga makaranta, ya hana a jibga talla a tsakiyar wasa. Kuma abin ya fara aiki. Gangarawar ta tsaya, layin har ya ɗan ɗaga kai. Da ya yi haƙuri, da tashar ta miƙe sannu a hankali, kamar mara lafiyar da ke sake koyon tafiya. Amma Agogo ba murmurewa yake so ba. So yake ya ga tasharsa a sama, Ɗan Gayu a ƙasa, kuma ya gani yanzu.

Mai tashar, wani attajiri da bai damu da abin da ake nunawa ba muddin masu talla na zuwa, shi ya ƙara rura wutar. A wani taro, a gaban ƙananan ma'aikata, ya ce ya ji ana yabon yaron nan na ɗaya tashar, har yana tunanin ko a nemo shi ya riƙe gidan baki ɗaya. Ya ƙara da cewa kujerar babban manaja tana nan babu kowa. Duk wanda ya kai tashar matsayi na ɗaya, tasa ce, da kaso a cikin kamfani. Agogo ya fito daga taron kunnuwansa na zafi. Ya hango kansa tsaye a gaban teburin yaron da ya koya wa aiki, yana jiran a ce masa ya zauna.

A matattakalar bene ya ci karo da wani dillalin talla, mutum mai yawan turare da zobba, wanda ke yawo tsakanin tashoshi. Dillalin ya dube shi ya ce fuskarsa ta riga ta ba da labari. Ya ja shi gefe, ya rage murya, ya ce masa matsa kati a allo wasan yara ne, manyan da yake gani a sama kowa akwai inda yake zuwa. Agogo ya ce shi ba ya wannan harka. Dillalin ya yi murmushi ya ce kowa da haka yake farawa. Ya yi masa kwatancen wurin wani boka, ya ce in zai je, ya ɗebi ƙasar ƙofar gidansa ya tafi da ita.

Agogo ya yi kwanaki yana juya maganar. Ranar da ya yanke shawara, ya durƙusa ya ɗebi ƙasa a ƙofar gidansa. Da ya iso wajen aiki, ya tsaya a ƙofar benen yana tunani, ai nan ma gida ne, nan ma ake son aikin ya ci. Ya ɗebi ta nan ma. Da rana tsaka ya ce wa sakatariyarsa zai je ganin likitan haƙori.

Wurin yana bayan gari, gaba da inda ake jibge matattun motoci. Wani gini ne da aka fara aka watsar, ciyawa ta tsiro a tagoginsa. A waje rana na dukan ƙasa, amma da ya ɗaga labulen buhu ya shiga ɗakin ƙarshe, sai sanyi ya ratsa shi har ƙashi. Babu taga. Fitilar mai guda ce ke ci a cikin kasko, hayaƙinta baƙi ƙirin. An lulluɓe bango ɗaya da jan ƙyalle wanda ya dafe saboda abin da aka daɗe ana yayyafa masa. Ga ƙahoni a rataye, ga ƙoƙunan kan dabbobi a jere, ga tarin makullai masu tsatsa an ɗaure su da gashi. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne fasassun madubai da aka manna ko'ina, manya da ƙanana, ta yadda duk inda ya juya idonsa ne ke kallonsa, gutsure-gutsure. Ɗakin na ƙarnin jini da ƙaurin turare.

Bokan ɗan ƙaramin mutum ne, tsaf-tsaf, muryarsa a sanyaye kamar ta mai kantin magani. Bai amsa gaisuwa ba, bai tambayi suna ba.

"Kai ne mai neman ido," in ji shi.

Agogo ya ce masu kallo yake nema.

"Duk ɗaya ne. So kake idon mutane ya bar inda yake ya dawo kanka. Ana yi. Amma waɗanda za su juyo maka da shi ba bayina ba ne, kuma ba sa aiki da yunwa."

Agogo ya ce ko nawa ne zai biya. Bokan ya yi wata dariya mara sauti, ya ce takarda ba ta ƙosar da su. Ya miƙa hannu a ba shi ƙasa. Da Agogo ya ajiye ƙulli biyu a gabansa, bokan ya daɗe yana kallonsu.

"Biyu ka kawo."

"Ɗaya ta inda nake kwana ce, ɗaya ta inda nake aiki. Duka gida ake ce musu."

"To, ka sauƙaƙa mana. Za su zauna tare da kai, za su yi maka aiki, za su ci a gidanka."

"Wane gidan?"

"Wanda ka fi so, shi za su bar maka. Ɗayan nasu ne."

"Me za su ci?"

"Abin da ke ciki."

"Ni zan zaɓa?"

"Ba bakinka za su tambaya ba. Zuciyarka za su tambaya."

Agogo ya tuno fuskar 'Yar Baba, da ta matarsa, da ta tsohuwa, sai ya ji hankalinsa ya kwanta. Wane mutum ne zai fi son tebura da wayoyin lantarki a kan jininsa? Tabbas tashar za su ci. Ƙila kyamara ta ƙone, ƙila janareta ya mutu. Amma a wani lungu na zuciyarsa ya san abin da ke cikin tashar ba ƙarafa ba ne kawai. Akwai dattijon injiniya mai tarin iyali, akwai mai karanta labarai da ta haihu kwanan nan, akwai direbobi da masu shara. Ya san haka sarai, ya kawar da kai. Da idonsa biyu ya yarda a ci 'ya'yan wasu, muddin nasa na nan.

"Na yarda," in ji shi.

Bokan ya juye ƙasar biyu a ƙwarya ɗaya ya cakuɗa da yatsa. Ya shiga bayan jan ƙyallen ya jawo wani baƙin bunsuru da ko kuka bai yi ba, ya yanka shi a kan ƙwaryar ba tare da ambaton sunan Allah ba. Ya ƙwaƙule idanun biyu. Ɗaya ya naɗe da ƙasar ya ɗinke a cikin fata, ya yi laya. Ɗayan ya ƙona a kasko har ya zama gawayi, ya niƙa da wani baƙin dutse ya zama kwalli. Sannan ya sa Agogo ya durƙusa ya leƙa ƙwaryar, ya yi ta maimaita abin da yake so har muryarsa ta dushe. A cikin jinin nan Agogo ya ga ɗakuna, dubban ɗakuna, mutane zaune fuskokinsu sun yi shuɗi da haske, duk shi suke kallo, babu mai ƙiftawa. Bokan ya ce ya ɓoye layar a ɗakin watsa shirye-shirye, a bayan talabijin ɗin da ke jere a bango, ya kuma riƙa shafa kwallin kafin ya taɓa jadawali.

Safiyar da ya fara shafawa, ya tsaya a gaban allon katakonsa sai ya ga kamar bai taɓa ganinsa ba. Wasu katunan na ƙyalli, wasu sun mutu murus. Ya ga abin da mutane ke so, kuma abin ba shi da kyan gani. Ba sa son a koya musu komai. So suke su ga wani yana kuka. Ya zare shirin yara, ya zare na kiwon lafiya. Ya ƙirƙiro wani da ake zaunar da 'yan'uwa masu rigimar gado a gaban kyamara har sai sun tona asirin iyayensu. Ya ƙirƙiro wani da ake yi wa wanda ya yi abin kunya kwanton ɓauna a ƙofar gidansa. Babbansu shi ne wanda ya sa wa suna Yanzu-Yanzu: motar tasha mai kyamara na yawo a gari, duk inda aka yi haɗari ko gobara, a katse abin da ake nunawa a kai mutane wurin kai tsaye. Dokarsa ɗaya ce, ya kuma sa kowa ya haddace ta: kyamara ba ta kawar da kai.

Kafin a ankara gari ya juyo. A shagon aski tasharsu, a ɗakin jira na asibiti tasharsu, a gidan abinci mutane na riƙe da cokali sun manta da baki. Masu tallan da suka gudu suka dawo suna bin layi a ƙofar sakatariya. Tashar Ɗan Gayu ta koma maimaita tsofaffin finafinai. Agogo ya hau kujerar babban manaja, ya samu kasonsa, kamfani ya ba shi gida mai bene da lambu da mota mai sanyi. Ya sayo talabijin da ta kusa cike bangon falo. Ya yi ta zuba ido ya ga abin da zai faru a tashar, amma ko janareta bai yi tari ba. Har ya fara cewa a ransa bokan tsoratar da shi kawai ya yi.

Tsohuwa ce ta fara sauyawa. A sabon gidan ta daina kallo. Ta ce wannan tonon asiri ba aikin ɗanta ba ne, ba haka ta raine shi ba. Ta tambaye shi me ya sa idonsa ya yi baƙi haka, ya ce rashin barci ne. Ta ce wa surukarta tana jin mutane a falo, mutane da yawa, ba sa magana, numfashi kawai suke yi, ko an kashe talabijin. Ta fara ramewa. Likitoci suka yi gwaji iri-iri ba su ga komai ba. Wata rana da la'asar ta ce a kira mata ɗan nan, tana son ganinsa. Matarsa ta kira, ta sake kira, ta yi ta kira. Agogo yana taro da masu talla, ya ga sunan yana haske a wayar, ya kife ta a kan tebur. Da ya fito ya kira, sai ya ji kuka. Tsohuwa ta rasu, idonta a buɗe tana kallon ƙofa, da ƙyar aka rufe shi. Rahoton watan nan ya fi duk na baya.

Yana zaune cikin masu gaisuwa, 'yan'uwa na ba shi haƙuri, sai ya kama kansa yana lissafi a zuci ko an saka wasan yamma a kan lokaci. Da aka watse ya koma wurin bokan, ya ce an saɓa alkawari, an taɓa gidan da ba shi aka yi da shi ba.

"Na ce wanda ka fi so za su bar maka," in ji bokan. "Sun bar maka."

Agogo ya rantse ƙarya ne.

"Da tsohuwa ke kiranka, ina kake?"

Agogo ya durƙusa ya roƙi a warware. Bokan ya ce ai abu ne mai sauƙi, ba ya ma buƙatar a yanka komai.

"Ka ciro layar da hannunka, ka zubar da kwallin. Za su tafi. Amma za su tafi da duk idon da suka kawo, har da 'yan kaɗan ɗin da suka tarar. Tashar za ta mutu a hannunka, kowa yana kallo."

Daga can tashar ya wuce kai tsaye, da niyyarsa cikakkiya. Ya shiga ɗakin watsa shirye-shirye, ya tsugunna a bayan talabijin ɗin, ya zura hannu cikin wayoyi har ya taɓo fatar. Da ɗumi ya ji ta, kamar abu mai rai. Yana cikin haka sai ya ji tafi a waje. Mai tashar ne ya zo da albishir: wani babban kamfani zai ɗauki nauyin shirye-shiryen sabon zango gaba ɗaya, 'yan makonni suka rage a sa hannu, kuma sun ce sai in Agogo ne ke riƙe da jadawalin. Agogo ya tsaya hannunsa a kan layar. Ya ce a ransa, bari a sa hannun tukuna. Ya ce ma'aikatan nan suna da iyali, ba zai jefa su a titi rana ɗaya ba. Ya ce 'yan makonni ne kawai, kuma zai tsare gidansa: zai ɗaukar wa yarinya direba, zai hana ta fita ko'ina sai makaranta. Dalilai suka yi ta zuwa masa, masu kyau, masu tsari. Ya zare hannunsa babu komai a ciki, ya fita ya karɓi tafi.

Ranar da 'Yar Baba ta rubuta jarrabawarta ta ƙarshe, ta roƙi uwarta ta bar ta ta dawo a motar makaranta tare da ƙawayenta, tunda daga yau sun rabu. Ta ce direban nan da Baba ya ɗauko ko murmushi ba ya yi, kamar an kama shi da laifi. Uwar ta yi dariya ta ce to, amma kada Babanta ya ji.

Da yammacin ranar Agogo yana ɗakin watsa shirye-shirye, sabon kwalli a idonsa, aka bugo daga motar Yanzu-Yanzu cewa wata babbar mota ta ƙwace a kan gada ta afka wa motar 'yan makaranta, kuma su ne suka fara isa. Ya ce a katse wasan da ake nunawa. Ya tsaya a gaban talabijin ɗin bango, abin magana a bakinsa, yana ba mai kyamara umarni. Ya ce ya matsa kusa. Ya ce ya bar littattafan da suka warwatse a titi, ya nemo fuska. Mai kyamarar ya yi jinkiri, hoton na rawa, Agogo ya daka masa tsawa. Hoton ya tsaya a kan wata yarinya kwance a gefen hanya cikin kayan makaranta, ƙafa ɗaya babu takalmi, kanta ya karkata kamar mai sauraro.

"Nan," in ji Agogo. "Riƙe nan."

Shi abin da ya gani hoto ne mai kyau. Hasken yamma ya sauka daidai, babu abin da ya tare fuskar, ya san a duk garin babu wanda zai iya tashi daga kujerarsa. Bai lura ɗakin ya yi tsit ba. Mai haɗa sauti ta cire abin kunnenta ta toshe bakinta da hannu. Dattijon injiniya ya matso kusa da shi.

"Yallaɓai, a yanke."

"Wanda ya yanke ya bar aiki."

"Yallaɓai, don Allah ka duba da kyau."

Ya duba, bai ga komai ba sai hoto. Gumi ya gangaro masa cikin ido, ya sa bayan hannu ya goge, kwallin ya biyo hannun. Sai ya gani. Kowa a ɗakin ya riga shi ganewa, domin duk sun san ta tun ana zuwa da ita a goye.

A gida kuwa matarsa tana falo tana duba takardun ɗalibanta, abincin yarinya a rufe a kan tebur, talabijin a kunne. Ta ga abin tare da duk mutanen gari, kuma ta gan shi tsawon lokacin da mijinta ya ce a riƙe. Maƙwabtan da suka rugo sun same ta a durƙushe a gaban talabijin, tana goge gilashin da bakin mayafinta, tana cewa fuskar yarinyar ta yi datti, tana lallashinta ta tashi haka nan, ƙasa ba wurin kwanciya ba ne. Ba ta yi kuka ba ranar. Ba ta yi ba da aka kai yarinyar makwancinta, ba ta kuma yi ba har yau.

Kafin rana ta faɗi Agogo ya fizgo layar daga bayan wayoyi. Ta yi nauyi kamar dutse, ta fashe a hannunsa da wani wari da ya kori kowa daga ɗakin. Ya zubar da kwallin a magudanar ruwa. Abin da ya ƙi yi lokacin da zai yi amfani, ya yi shi cikin ƙiftawar ido lokacin da babu sauran wanda za a ceta.

Idon mutane ya ɗauke kamar ruwan sama. Waɗanda suka zauna suka kalli hoton har ƙarshe su ne suka fi kowa tsine wa tashar da ta nuna gawar 'yarta. Babban kamfanin ya fasa sa hannu, ƙananan suka bi shi. Mai tashar ya ɗora wa Agogo laifin duka, ya karɓe kujera da gida da mota. Bai daɗe ba shi ma ya rufe, aka kwance eriya daga saman bene, aka bai wa wata makarantar koyon kwamfuta hayar wurin. Ma'aikatan da Agogo ya ce yana tausaya wa suka watse neman abinci. Shi kuma idonsa ya fara ƙaiƙayi, sannan ya fara hazo. Likitoci suka haska suka ce lafiyarsa ƙalau. Yanzu ba ya ganin komai sai inuwa.

Ƙanwarsa ce ta ɗauke shi ta ba shi ɗakin baya a gidanta. Matarsa tana asibitin masu taɓin hankali, kuma duk ranar ziyara ƙanwar na riƙe masa hannu ta kai shi. A zauren marasa lafiya akwai talabijin da aka rataye a sama cikin kejin ƙarfe. Matar takan zauna ta juya mata baya, matashin kai a cinyarta, tana yi wa zarensa kitso a hankali. Ba ta gane shi. Takan gaishe shi da ladabi, irin gaisuwar da malama ke yi wa uban ɗalibi, ta matsa masa ya zauna.

A wata ziyara ta tambaye shi ko a asibitin yake aiki. Ya ce a'a.

"Ko ka san mijina? A talabijin yake aiki, babba ne a can."

Ya ce ya san shi.

"To, don Allah in ka gan shi ka ba shi saƙo. Ka ce masa akwai wani a wurinsu da ya sa aka riƙe kyamara a kan yarinyata. Mutumin nan ba shi da imani. Ka ce ya bincika ya kore shi. Mijina ba zai taɓa yarda da irin wannan ba, bai sani ba ne kawai."

Ƙanwar Agogo ta juya fuskarta bango.

"Zan gaya masa," in ji shi.

Ta gode masa, ta ci gaba da kitsonta.

Duk mai sana'ar da ke tafiya a hankali, ya gode wa Allah ya bi ta a hankali. Wanda kwaɗayi ya ja shi ya durƙusa a gaban boka, ya sani ba taimako ya je nema ba, ciniki ya je yi, kuma ba da abin aljihunsa za a biya ba. Za a bar masa kujerar da ya roƙa har ya saba da ita, sannan a bi ɗakunan gidansa ɗaya bayan ɗaya. Allah Ya tsare mu da son abin da zai sa mu kife waya alhali uwa na kira, Ya kuma tsare iyalanmu daga sharrin zukatanmu.